Rabin Maganar da Goggo Ta Kai Gida

Babu wanda ya fahimci zaman da muke yi ranar Talata a asibiti, kuma waɗanda ba su taɓa leƙa ɗakin ba su suka fi kowa bayani a kansa. Mahaifiyata da ta ji labari ta waya daga Ibeto cewa ta yi in tafi da babbar leda, don a saninta ba a tara mata a asibiti sai za a raba sabulu ko gidan sauro. Mijina ya ɗauka lacca ce irin ta ranar awo, a ce mu ci ganye mu riƙa shan maganin ƙarin jini. Matan unguwarmu suka yanke cewa ajin waɗanda kansu ya taɓu ne. Da abin da ya faru ya faru kuma, duk suka haɗu a kan magana ɗaya, wai a can aka koya mini rashin kunya.

Ba a raba komai, ba a koyar da komai. Kujerun roba ne guda tara a zagaye, da nas ɗaya, da mata takwas waɗanda aka binne wa kowaccensu jariri a cikin shekarar. A zauna awa ɗaya da rabi a yi magana, a tashi. Shi ke nan maganin. Abin da ya fi ba ni haushi har yau shi ne maganin yana aiki. Da shirme ne da ban buɗe bakina ba.

Ni ce ƙaramarsu. Shekarata ashirin da biyu, cikina na fari, wata tara cif, namiji, na haife shi ba rai. Bisa al'ada gidanmu ya kamata in tafi goyon ciki, amma gidanmu Ibeto ne, hanya ba kullum take da daɗi ba, asibiti kuma da nisa. Sai mijina ya ce in zauna a Kontagora kusa da likita. Kusa da likita! Muna gida ɗaya da mahaifiyarsa, wadda nake kira Hajiya. Shi yana da shagon maganin feshi da irin shuka a kasuwa, ranakun da kasuwar ƙauye ke ci yakan ɗauki kaya ya tafi ya kwana can.

Bari in faɗi abin tun yanzu, ba na son jan rai. Ranar Laraba da safe yaron ya daina motsi. Na sani sarai, don mai shuri ne, da na sha koko yake farawa. Ban je asibiti ba sai Juma'a da azahar. Da aka tambaye ni a can, na ce tun safiyar yau ne. Haka na faɗa wa likita, haka na faɗa wa mijina, haka kowa ya riƙe.

Me ya hana ni magana? Wata biyu kafin nan Hajiya ta yi baƙi. Muna tsakar gida ina zuba musu kunu, yaron ya yi wani irin juyi har na saki ludayi. Na yi dariya na ce, "Kai, ɗan nan zai fasa mini haƙarƙari." Baƙin suka kalli juna. Bayan sun tafi Hajiya ta kira ni ɗakinta, ba faɗa, ba ɗaga murya. Ta ce cikin fari ba a zancensa. Ta ce yarinyar da aka yi wa tarbiyya ko nunawa ba ta yi cewa ta san tana ɗauke da wani abu, balle ta ce "ɗa" a gaban surukarta. "Mu sai da faya ta fashe aka san muna ciwo," in ji ta. "Kada ki sa a ce ban iya riƙon 'ya ba."

Don haka ranar Larabar nan sau biyu ina zuwa ƙofarta. Na farko na gaishe ta na dawo. Na biyu na tambaye ta ko in ɗora mata ruwan wanka. Mijina yana kasuwar Salka, sai Alhamis da yamma ya dawo, na kai masa abinci na ce sannu da hanya. Ni da na gama sakandare, ni da na karanta takardar da aka manna a bangon ɗakin awo da idona, wadda ta ce in motsi ya ragu a zo nan take. Ba wanke kaina nake yi ba. Ina dai faɗin yadda aka yi ne.

Bayan arba'in kowa ya koma harkarsa, ni kuma na zama wata iri. In ƙona miya, in wanke tukunya ɗaya sau uku, in ji kukan jaririn maƙwabta in shige ɗaki in ƙure rediyo. Kaina kullum yana sarawa. Ciwon kan ne ya mayar da ni asibiti, na faɗa hannun wata nas da kowa ke kira Sista, doguwa mai ƙaramar murya. An taɓa tura ta kwas a kan lafiyar ƙwaƙwalwa, ta dawo ta ce za ta riƙa tara mata irinmu. Ta ba ni maganin ciwon kai, sannan ta rufe ƙofa ta yi mini tambayoyi kusan rabin awa, a kan barci, da cin abinci, da ko na taɓa tunanin cutar da kaina. Ta ce kowacce sai ta gan ta ita kaɗai kafin ta sa ta a taro, don ba kowa zaman taro yake yi wa amfani ba.

"Me kike so ki samu in an gama?" ta ce.

"Akwai maganar da nake so in faɗa wa maigidana. Bakina ya ƙi."

"Wace magana?"

"Sista, da zan iya faɗa miki ai da na faɗa masa."

Ta yi dariya ta rubuta wani abu. Sannan ta tambayi unguwarmu. Na ɗauka don cike kati ne.

Ashe da unguwa take haɗa mu. Dabararta ita ce, in mata 'yan unguwa ɗaya ne za su cika keke napep biyu su taho tare su koma tare, kuma mazajen ba za su hana ba tunda an san da wa aka fita. Ta wannan gefen ta yi gaskiya. Mijina bai amince ba sai da ya ji Goggo ma za ta je.

Goggo ba goggona ba ce. Aminiyar Hajiya ce, gida uku tsakaninmu, tana sayar da daddawa da barkono. Ta girme ni da fiye da shekara ashirin. Cikinta na ƙarshe ya zo mata a lokacin da ta ɗauka ta gama, jaririyar ta kwana biyu ta koma. Kullum da la'asar tana kan tabarmar Hajiya. Ita ta riƙo hannuna ranar da aka kawo ni gidan. Matar da nake durƙusa wa har ƙasa in gaishe ta, ita aka ajiye mini a kujerar da ke kallon tawa, aka ce in faɗi abin da ke raina.

Ranar farko kujerun ma sai da aka yi ja-in-ja a kansu. Mu uku ƙanana muka zame muka zauna a ƙasa, don ba ma iya zama kafaɗa da kafaɗa da manya. Sista ta ce a'a, a nan kowa kujera, kowa yana ganin fuskar kowa. Muka hau muka ɗosana kamar masu jiran hukunci. Sai ta kawo sharuɗɗa. Mako takwas za a yi, bayan mako na biyu ba a ƙara sabuwa. A kashe waya. In wata tana magana ba a katse ta, ba a ba ta shawara sai ta nema, wadda kuma ba ta son magana ba dole. Babban ta bar shi ƙarshe ta maimaita sau biyu: abin da aka faɗa a ɗakin nan, a ɗakin nan zai zauna. Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta ce ta yarda. Da aka zo kan Goggo ta dafa ƙirji. "Amana ce ai," ta ce. "Allah ya tsare mu da cin amana."

Ɗakin kansa ma'ajiyar allurar rigakafi ne, da firji a kusurwa yana gurnani in akwai wuta. Sau biyu ko uku a kowane zama sai an ƙwanƙwasa, wani ma'aikaci ya shigo da akwatin ƙanƙara yana "afuwan, afuwan", mu yi tsit har ya fita. Tagar kuma tana kallon layin masu awo. Wato kina zaune kina neman yadda za ki ce naki ya mutu, masu ciki cike da baranda suna hirar kayan suna a bayan kanki. In an rufe taga zafi, in an buɗe su. Akwai kuma wata a cikinmu da ta haifi tagwaye ɗaya ya koma, ba ta da inda za ta bar ɗayan, sai ta zo da shi a goye. Ba laifinta ba ne. Amma duk lokacin da ta juyo shi ta ba shi nono, ni bango nake kallo.

Makonnin farko ɓata lokaci ne, ko haka na gani a lokacin. Sista ta ce, "Yaya makon ya kasance?" A zaga: lafiya lau, alhamdulillahi, lafiya lau, sai godiya. Ita kuma ta yi shiru. Shirun nan nata kamar ya kashe ni. Tana iya naɗe hannu minti uku cur tana kallonmu, ni ina kaɗa ƙafa ina cewa a raina, baiwar Allah in ba ki da abin faɗa ki sallame mu, wanki na baro. Daga baya na gane da gangan take yi, jira take shirun ya ishi wata ta fasa shi. In kuwa wata ta fara, ta faɗi kalma goma murya ta soma rawa, sai Goggo ta miƙo hannu. "Haƙuri za ki yi, 'yar nan. Allah ya ba da rayayye." Duk a ce amin, magana ta mutu.

"Goggo, mun gode," Sista za ta ce, "amma bari ta ƙarasa."

"Au, ba ta gama ba? Na ga kuka za ta yi ne."

"To ta yi mana. Ai ɗakin na kukan ne."

"Ikon Allah. Yanzu kuka ma sai an tara mutane."

Bayan zama na biyu na tsaya na ce wa Sista ta canza mini rukuni. Ta ce ɗayan na 'yan wancan gefen gari ne, ya cika, kuma an rufe. Ta ce ta san akwai nauyi, amma Goggo ta yi alkawari kamar kowa. Na ce, "Ke ba 'yar garin nan ba ce ko?" Ta ce a nan aka haife ta. Na ce to shi ya fi muni. Ban dai fasa zuwa ba, don in na fasa Hajiya za ta tambayi dalili.

A mako na huɗu abin ya fashe, kuma daga inda ba mu zata ba. Akwai wata 'yar Kambari daga wajen Salka da aure ya kawo unguwarmu. Hausarta a hankali take fita, tun da aka fara ba ta ce komai ba sai gaisuwa. Ran nan tana kallon ƙafarta ta ce, "Ni nono ne. Yaro babu, nono bai sani ba. Ya zo. Ina zuwa bayan ɗaki, ina matsewa, ina rufewa da ƙasa kamar na yi abin kunya." Ta ɗago. "Ku ma ya zo?"

Wallahi duk ɗakin sai da ya motsa. Duk ya zo mana. Kowacce ta sha wannan azabar ita kaɗai, da zani ɗaure tamau a ƙirji, tana zaton ita ce kawai jikinta bai da hankali. Muka yi ta magana a kan juna har sai da Sista ta ɗaga hannu. Uwar tagwaye ta ce ita nonon mutum biyu ke zuwa mata, mutum ɗaya ke sha, kullum ragowar tana tuna mata. Daga ranar na daina kallon bango.

Goggo ma ta yi kuka a mako na biyar. Ta ce wannan ta huɗu ce da ta rasa, kuma a duk shekarun nan ba wanda ya taɓa tambayarta yadda ta ji, sai dai a ce ta tashi ta ɗora tukunya. Ta lissafa su da yatsa, har da na farkon da ba ta taɓa ambata ba ko a gaban mijinta. Na kalle ta, hawaye yana bin tsagar fuskarta, na ce a raina ashe tamu ce. Nan na yi kuskure. Tamu ce ranar Talata daga ƙarfe goma zuwa sha ɗaya da rabi. Sauran mako aminiyar Hajiya ce.

Mako na shida na faɗa. Ban shirya ba. Sista ta yi shirunta, sai kawai na fasa shi. Na faɗi Laraba, na faɗi Juma'a, na faɗi ƙaryar da na yi wa likita. Na faɗi ranar baƙi da abin da aka ce mini a ɗaki, da tsayuwata sau biyu a ƙofa. Ban rage komai ba. Ba wadda ta ce haƙuri. 'Yar Salka ta jawo kujerarta ta manne da tawa. Wata da ko shiri ba ma yi ta ce ita ma jini ta gani tun safe, ta yi shiru har la'asar don gidan cike yake da 'yan'uwan mijinta maza.

Na juya na tambayi Sista abin da ya hana ni sukuni wata da watanni. "Da na zo ranar Laraba, da ya rayu?"

"Ban sani ba," ta ce. "Zuwa da wuri shi ne daidai, kuma yana ceton wasu. Wasu kuma kafin uwar ta lura an riga an rasa su. Naki wanne ne, ko likitan da ya karɓe ki ba zai rantse ba."

Ba daɗin ji, amma ita ce magana ta farko da aka yi mini tun rasuwar wadda ba lallashi ba ce, kuma na iya ɗaukarta. Na ce musu ranar Juma'a in maigidana ya dawo daga masallaci zan faɗa masa. Sista ta tashi ta bar kujerarta ta ce in ɗauka shi ne a kai, in gwada. Na faɗa wa kujera sau biyu, na biyun ba rawar murya. A cikin keke Goggo ta gyara mini mayafi ta ce, "Allah ya yi miki albarka." Ran nan na ci abinci har na ƙara.

Ban kai Juma'a ba. Ranar Alhamis da hantsi na dawo daga kai niƙa na tarar da takalmin mijina a ƙofar ɗakin Hajiya, a lokacin da ya kamata yana shago. Ta kira ni. Na shiga na durƙusa. Idonta ya kumbura, shi kuma yana zaune bakin gado yana juya makullin babur a hannu.

"Ashe kwana biyu kika yi da shi a haka," Hajiya ta ce. "Kina tuƙa mana tuwo, kina share tsakar gida. Ina cikin gidan nan. Ƙofata a buɗe, ko labule ban saki ba. Me na yi miki, 'yar nan? Dodo ce ni?"

Ba faɗa take ba, kuka take, kuma da gaske take tambaya. Ta manta. Maganar da ta ɗaure mini baki ita ko tunawa ba ta yi, don a wurinta gyara ne irin na kullum, kamar ta ce in rage gishiri.

Mijina bai ɗago ba. "Laraba ko Juma'a?"

"Laraba."

"Na dawo Alhamis. Kika kawo mini abinci."

"E."

"Na ce miki ya jiki."

"E."

Ya tashi ya sa takalmi ya fita. Duk abin da na gwada a gaban kujera ya gudu. Tun daga ranar yake gaishe ni kamar 'yar haya, abincinsa kuma a ƙofar ɗakin uwarsa yake ci. Bai zage ni ba, bai ce in tafi ba. Da ya zage ni da na samu bakin magana.

Da Talata ta zagayo ban bi keken ba, na hau babur ni kaɗai na riga su. Ban jira a zaga da lafiya lau ba, kuma ban durƙusa ba.

"Goggo, me kika faɗa wa Hajiya?"

Ko gezau. Sai da ta gama gyara zama tukuna. "Abin da ya kamata ta sani."

"Ba a nan kika dafa ƙirji kika ce amana ba?"

"To wa na faɗa wa? Kasuwa na kai? Bare na faɗa wa? Uwarki ce fa, ita ke riƙe da ke. Amanar da aka ce ai kada a kai waje ne." Ta juya wajen Sista tana neman mai tayawa. "Yarinya ce, gobe za ta ɗauki wani. In ta sake yin shiru wa zai sa mata ido? Ni abin nan tsaya mini ya yi a rai. Na ga in na bar shi wani abu ya sake faruwa, Allah sai ya tambaye ni."

Abin da ya ƙara ƙona ni shi ne ba ƙarya take ba. Ba gulma ta kai ta ba. Ta yi abin da duk wata babba a unguwarmu za ta yi ne, har tana jiran a gode mata.

"Kin faɗa mata dalilin?" na ce. "Kin tuna mata abin da ta ce mini ranar baƙi?"

Nan ta kawar da kai. "Haba 'yar nan. In dubi idon aminiyata in ce bakinki ne ya jawo? Wannan ai haɗa faɗa ne. Ni gyara na je yi."

"Wato nawa laifin kika ɗauka kika kai, nata kika bar shi a nan ƙarƙashin kujera."

"Ki iya bakinki. Na haife ki."

"Ba ki haife ni ba. Daddawarki ma kina rufe ta da kyau kada warinta ya fita. Maganata ce ba ta samu murfi ba."

Ɗakin ya ɗauki salati. Goggo ta miƙe tana laluben mayafi, Sista ta ce don Allah a zauna.

"Laifin farko nawa ne," ta ce. "A kwas an gaya mana kada a haɗa mutanen da zamansu ya sarƙe a waje. Na duba na ga in ban haɗa ku da unguwa ba rabinku ba za a bar ku ku zo ba, sai na zaɓi ku zo. Kuma da na ce magana ta zauna a ɗakin nan, ban tsaya na ce har uwa, har miji, har aminiya ba a faɗa wa ba. Na ɗauka an gane." Ta kalle ni. "Kin gaya mini tun mako na biyu, ban saurare ki ba."

Na ce na ji, amma ban san me zan yi da shi ba.

Sai ta mayar da maganar ga taro, wai haka ake yi, abin da ya faru a cikin rukuni rukunin ne zai tattauna shi. Ta tambaya yaya kowacce take ji, me kuma muke so a yi. Me za a yi? Wace ce a cikinmu za ta buɗe baki ta ce wa babbar mace ta tashi ta fita? Uwar tagwaye ta sunkuyar da kai tana jijjiga ɗan da ko motsi bai yi ba. Ƙanwar mijinta kullum tana sayen daddawa a wajen Goggo, uwar tagwayen kuma ta faɗi abubuwa a kan mijin nan a mako na biyar. 'Yar Salka ce kaɗai ta yi magana. "Nawa ma an kai?" ta ce. Goggo ta rantse ba ta kai na kowa ba sai nawa, don nawa ne mai haɗari. Wataƙila gaskiya ne. Amma sauran lokacin da lafiya lau da sai godiya aka cinye shi, har Sista ta duba agogo.

Da aka tashi ta riƙe ni. Ta ce in ina so za ta riƙa ganina ni kaɗai, kuma in na yarda ta kira mijina mu zauna mu uku ta yi masa bayani. Na ce ganina ni kaɗai zan yi tunani. Kiran mijina kuwa a'a. Bakuna sun isa haka a kan maganata.

Kafin la'asar zancen daddawa da murfi ya zaga unguwa, ba kalmar da ta faɗi a hanya. Goggo ba za ta yaɗa zagin da aka yi mata da irin wannan armashin ba. Wato akwai mai kai magana ta biyu a cikinmu, wataƙila da ta uku.

Na zauna a ɗaki da yammar nan ina jin Hajiya a tsakar gida tana ba wata maƙwabciya haƙuri a madadina, wai ba haka nake ba, asibitin ne ya lalata ni. Na yi tunanin in tattara in tafi Ibeto in bar musu labarin yadda Goggo ta yanka shi. Sai na ga in na tafi, rabin nan shi zai zama duka: yarinyar da ta yi kwana biyu da gawa a ciki saboda taurin kai. Mijina kuma abincin Alhamis ɗin nan zai riƙa tunawa, bai san sau nawa na buɗe baki na rufe yana ci ba.

Don haka na yanke. Ranar Juma'a in ya dawo daga masallaci ya zauna cin abinci a ƙofar ɗakin uwarsa, zan je in durƙusa a gabansu su biyu, in ce ina da magana kuma kada a katse ni. Zan faɗi abin da na ce ranar baƙi da abin da aka ce mini, in zo kan ƙofa, in zo kan ƙaryata. Kwana biyun nan nawa ne, ba zan ɗora wa kowa ba. Amma Hajiya za ta ji nata da kunnenta a gaban ɗanta, ko da za ta ce ban da kunya har ƙarshen rayuwarta. In ya so bayan nan su san yadda za su yi da ni. Na kira mahaifiyata na ce ta share mini ɗaki ko za a buƙata. Ta ce me ya faru, na ce sai Asabar zan sani.